Kanwa da Tsamiya a Ruwan Kifayen Malam

Toranke,
ranar Laraba, bayan azahar.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya kai ki Gaya lafiya, Ya sauke ki a gidan gwaggonki cikin aminci, Ya sa aikin da za ki fara a ɗakin haihuwa ya zame miki alheri duniya da lahira. Ya tsare ki a hanya, Ya tsare abin da kika ɗauko.

Ina rubuta wannan ne kina tsakar gida kina ninke kaya, ina jin motsinki. Na rubuta da boko duk da hannuna ya fi sakewa a ajami, don na san ajami yana ba ki wahala, kuma ba na son ki kai wa wani ya karanta miki. Ki yi haƙuri da karkacewar layin. Zan sa takardar a ƙarƙashin ƙunshin busasshen ganye. Kada ki karanta a hanya. Ki bari sai kin mayar da kifayen mazauninsu, kin yi salla, kin zauna.

Jiya da na ce ki tafi da akwatin gilashin nan da kifaye biyun da ke ciki, kin ce mini, "Umma, ki rufa mini asiri. Kin dai san hannuna a kansu." Na ce idona ne ya yi rauni, ba na iya raba kore da shuɗi a kwalbar gwajin ruwansu. Gaskiya ce, amma ba ita ke nan duka ba. Sauran tana cikin takardar nan. Ta maganar ruwa zan bi in kai ki gare ta, don ban san wata hanya ba.

Kina aji shida a firamare Malam mahaifinki, Allah Ya jiƙansa, ya dawo daga taron malaman gona a Kano da akwatin nan a kan cinyarsa, da kifaye huɗu a leda, masu faɗi kamar ganye. Matan unguwa suka yi ta shigowa kallo. Gwaggonki Asabe ta taso daga Gaya takanas, ta leƙa, ta taɓe baki ta ce, "Yanzu Yaya, kifin da ba a miya da shi? Haka za ka yi ta ciyar da shi har ya tsufa?" Ya ce, "Ke ma ai mun daɗe muna ciyar da ke, ba mu taɓa sa ki a miya ba."

Shi ya koya mini cewa ruwa ba ɗaya ba ne. Ya ce kifayen nan asalinsu kogunan cikin kurmi ne, inda ganye ke zuba ya jiƙa, ruwan ya yi laushi da ɗan tsamin da harshe ba ya ji. Namu na burtsatse kuwa zartsi gare shi. Farin abin nan da ke kama gindin tukunyar shayi, da yadda sabulu ke ƙin kumfa, shi ne. Yana da 'yar kwalba, ya ɗebi ruwa ya ɗiga magani sau uku. In ya yi shuɗi, zartsi ya yi yawa. In ya yi ruwan ɗorawa, tsami ya yi yawa. Abin da ake nema kore ne mai ɗan karkata wajen ɗorawa. Ku 'yan boko kuna da suna da lambobi na wannan abu. Ni launin na riƙe.

Kuskurena na farko daga karatu ya fito. Tun muna yara aka koya mana cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canza, ba a tsarki da shi. Abin ya shiga jikina. To da Malam ya zuba busasshen ganye a akwatin, ruwan ya koma kamar shayi, sai hankalina ya ƙi kwanciya. Ga shi a ɗakin da nake salla. Ranar da ya tafi Gafasa duba gonaki na kwana biyu, na tsame ganyen duka, na kwashe rabin ruwan, na cika da na burtsatse mai haske. Akwatin ya yi ta ƙyalli, na ji daɗi. Kafin la'asar kifayen sun taru a lungu ɗaya, sun naɗe fiffikensu, launinsu ya dushe, sun ƙi cin abinci.

Ya dawo, ko hularsa bai cire ba ya tsaya a gaban akwatin. Ya ce, "Wa ya yi wa kifina wanka?"

Na ce, "Malam, ruwan ya ɓaci ne. Ya canza launi."

Ya yi dariya har ya zauna a bakin gado. Ya ce, "Malama, kifi alwala zai yi?" Kin san haka yake kirana in zai tsokane ni. Sannan ya ce, "Ko a karatun naku ai an yi rangwame ga ruwan da ya canza saboda mazauninsa. To wannan shi ne mazauninsu. Abin da idonki ya ga tsabta ne, su azaba ce a gare su."

Babu wanda ya mutu a wannan karon. Na sha tunanin cewa da ko ɗaya ya mutu, da wataƙila na ji tsoron ruwan nan tun daga ranar. Amma abin ya ƙare da dariya, ni ma na yi dariyar, na manta.

Don haka kada launin ya dame ki, ko gwaggonki ta ce datti ne. Ki bar shi kamar shayin da bai yi kauri ba. Ganyen da na ƙunsa miki na gwaiba ne da mangwaro, da na bishiyar nan mai faɗin ganye ta harabar firamare, wadda yara ke fasa ƙwallonta su ci. Wannan ya fi sauran aiki. Wanda ya faɗo da kansa ya bushe ake ɗauka, ba ɗanye ba. Ki ɗauraye, ki kwara masa tafasasshen ruwa, in ya huce ki sa biyu. In sun yi laushi sun fara wargajewa ki canza. Kada ki tsinci ganye kusa da gonar wake, saboda feshi. Ban da darbejiya. Ban da bagaruwa, ko wani ya ce miki ita ma tana rina ruwa. Tana rinawa, amma ƙarfinta na jima fata ne. Guntun saiwar gwaiba da ke ciki tun zamanin Malam take, shi ya dafa ta ya jiƙa ta wata guda kafin ya sa. Ki bar ta yadda take, kada ki kankare.

Amma ganye kaɗai ba ya iya wa zartsi. In kin zuba shi a ruwan burtsatse zalla, launi zai canza, kwalba kuwa ta ci gaba da nuna shuɗi. Shi ya sa Malam ya ajiye randuna uku a ƙarƙashin rumfa don ruwan sama. Yakan bar ruwan farko da na biyu su wanke kwanon rufi su wuce, sai daga na uku ya tara. Kashi biyu na sama, kashi ɗaya na burtsatse, haka yake haɗawa. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai zuba na sama zalla ba. Ya ce na sama ba shi da riƙo, yau kore, jibi ya zurma ɗorawa. Ɗan zartsin nan shi ke riƙe shi wuri ɗaya.

Yanzu na zo inda nake ta kewayewa.

Kina ajin ƙarshe na sakandare ciwon shanyewar jiki ya kayar da shi a gona. Aka dawo mana da shi daga asibiti ɓarin dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Kalma biyu kawai ke fita sarai, "Allah" da "a'a". Muka juya gadonsa yana fuskantar akwatin. Lokacin kifayen sun kai sha ɗaya, don sun hayayyafa sau biyu. Kullum da safe yakan ƙirga su da yatsan hagu. Ke kika karɓi aikin ruwan, kowace Asabar da safe kafin ki tafi Islamiyya, kina bin abin da ya rubuta a littafinsa.

Kin san yadda jinyar take. Kullum sai an wanke shimfiɗa. Ruwan burtsatse yana sa zannuwa su yi tauri, fatar bayansa ta fara salewa. Sai na soma ɗiba daga randunan kifi, kwano ɗaya, kwano biyu, in yi ɗauraya ta ƙarshe. Ban ga laifin niyyata ba har yau. Laifin shi ne ban faɗa wa kowa ba. Da na ce miki, "Ummi, ga abin da nake yi," da kin rage canjin ruwa, da kin nemi dabara tun da sauran lokaci. Na yi shiru don kada a ce na taɓa abin da Malam ya hana.

Da bazara ta tsaya, wata Asabar kika buɗe randa ta uku kika tarar da ɗan ruwa a gindi. Kika ce, "Umma, ko randar nan ta tsage ne?" Na ce, "Wataƙila zafi ne ya shanye." Wannan ita ce ƙaryata ta farko, kuma ban ji nauyinta a bakina ba. Kika duba littafin, kika yi abin da ya ce a yi in ruwan sama ya yanke: kika rage kashi ɗaya cikin goma, kika mayar da na burtsatse da ya kwana a bokiti. Ki karanta layin nan sau biyu. Abin da kika yi daidai ne. Shekara huɗu ina kula da ruwan nan, na sha yin haka, ko kifi ɗaya bai girgiza ba.

Kika yafa hijabi kika tafi. Da hantsi na zuba musu abinci, na ga ba su taso da sauri ba. Zafi ne kawai, yanzu na sani. Amma ni 'yar makiyayi ce. A gidanmu in saniya ta ƙi kiwo, kanwa ake ba ta. Awakina ma haka nake musu, su lasa su miƙe. Na ce a raina, dabba ai dabba ce. Na ɗauko kanwa kamar ƙwan zabo, na daka, na dama a kofi, na shigo ɗakin.

Malam ya buga katifa da hannun hagu. Ya ce, "A'a. A'a."

Na ce, "Yanzu zan kawo maka kunun, Malam, ka yi haƙuri." Na gyara masa matashi. Na juya na tuttule kofin a akwatin.

Na daɗe ina tambayar kaina, shin ban ga inda idonsa yake kallo ba ne, ko na gani na ƙi ganewa don na riga na yanke abin da zan yi. Ban sami amsa ba. Ba zan rubuta miki wadda ta fi mini sauƙi ba.

Ba a jima ba kifayen suka fara zabura suna bugun gilashi, daga nan suka taso sama suna buɗe baki. Na ɗauko kwalbar, na ɗiga. Shuɗin da ya fito ban taɓa ganin irinsa ba. Sai a lokacin na tuna kanwa uwar zartsi ce. Na ruɗe. Na tuna Malam yana cewa tsami suke so. Ga jiƙon tsamiya a kwano, wanda na ajiye don kununsa. Na ɗauko na juye duka.

Ya ce, "A'a." A wannan karon a hankali ya faɗa.

Ruwan ya yi duhu. Na sake gwadawa, ya zurma ɗorawa. Har na ce alhamdu lillahi, na ɗauka na gyara. Ashe duka biyu na yi musu a sa'a guda, na jefa su can, na fizgo su nan. Kafin azahar sun fara kwanciya a gefe, ɗaya bayan ɗaya, yana kallo, yana ƙirgawa da yatsan nan.

Abin da na yi bayan wannan ya fi kanwar muni, ya fi tsamiyar. Na ɗauko rariya na tace gurbin tsamiyar. Na kwashe ruwan da ya yi duhu na zubar bayan ɗaki, na cika da na burtsatse har ya yi haske. Ba don in cece su na yi ba. Na yi ne don kada ki dawo ki ga alama. A gaban idonsa na yi.

Kika shigo da la'asar da sallama. Tara sun mutu. Kika yar da jaka, kika tsoma hannu kika kamo ƙananan biyu da ke sauran motsi, kika ruga kika kwarfo ɗan ruwan da ya rage a gindin randa a kwano kika sa su ciki. Sannan kika dawo kika durƙusa a gaban gadonsa kina kuka. Kika ce, "Ni ce, Baba. Ni na zuba musu burtsatse. Ka yafe mini."

Ya ce, "A'a! A'a! A'a!" yana dukan katifa, hawaye yana bin gefen fuskarsa.

Kika ɗago kika dube shi, kika tashi kika fita da gudu. Kin ɗauka ya ƙi yafe miki ne. Ina tsaye a bakin ƙofa, rariyar tana bayana.

Ummi, abin da mahaifinki yake cewa shi ne, ba ke ba ce. Kalmar da yake da ita ke nan, ya ba ki ita da iyakar ƙarfinsa. Ni kaɗai ce a duniya zan iya fassara miki ita a ranar, na rufe bakina.

Washegari da na kai masa kunu na durƙusa na ce, "Malam, ka yafe mini." Ya ɗaga hannun hagu. Ba akwatin ya nuna ba, ƙofar ɗakinki ya nuna, ya riƙe hannun a sama bai sauke ba. Na ce, "Zan faɗa mata." Ya sauke. Kullum da safe haka, in ajiye kunu, ya nuna ƙofar, in ce, "Yau in Allah Ya so." Ke kuwa kin daina shiga ɗakin sai in yana barci. Ya yi mana alama muka juya gadon yana fuskantar bango. Gwaggonki ta zo dubiya ta ce a tsakar gida, kina ji, "Yarinyar nan ta kashe masa ɗan abin da yake kallo." Na ce, "Ƙaddara ce, Asabe." Iyakar kariyar da na ba ki ke nan.

Kwana talatin da bakwai ya yi bayan haka. Likita ya ce ciwon ne ya sake bugunsa. Ajali ne, ba kifi ba ne, ba ke ba ce, ni ma ba zan ce ni ce ba, don rai na Allah ne. Amma baƙin cikin kwanakinsa na ƙarshe ni na haɗa masa shi. Ya tafi bai ga kin zauna kusa da shi ba, kuma ya san dalili.

Za ki tambaya me ya hana ni magana. Da farko tsoron bakin Asabe ne. Daga baya tsoron idonki. Amma can ƙasa, abin da ya fi riƙe ni suna ne. A garin nan ana cewa ba na ƙarya. Mata suna kawo mini amana, ana kirana sulhu. Wannan sunan na ƙi ɓatawa, na bar ki kika ɗauki kayana. Kuma kowace rana da ta wuce sai faɗin ya ƙara nauyi, don yanzu ba kanwar kaɗai zan faɗa ba, har da shirun jiya da na shekaranjiya.

Na yi azumi. Na yi sadaka. Na karɓi kula da kifaye biyun tun ina takaba, na bi littafin Malam layi-layi da ɗan bokona, kamar in na raya su an yafe mini. Shekara biyu da suka wuce na tambayi malamarmu ta makarantar matan aure, ban kama suna ba, na ce wata ce. Ta dube ni ta ce, "Ki gaya wa watar nan, azumi ba ya sauke haƙƙin mutum. Sai mai haƙƙin ya sani, ya yafe da kansa." Na ce to. Na ƙara shekara biyu.

A makon jiya ne na ji kina gaya wa ƙawarki a soro cewa tun kina makarantar ungozoma, duk jaririn da aka miƙo miki sai gabanki ya faɗi, ki ji kamar a hannunki zai tafi. Kika ce, "Ni hannuna ba shi da sa'a, tun a kan Babana na sani." Ina bayan ƙofa da tsintsiya. Na zauna a ƙasa. Sai jiya kika maimaita mini ido da ido. Ba zan bari ki shiga ɗakin haihuwa da wannan ba.

Hannunki ne ya ceci biyun nan. Duk wanda ke gidan a ranar, ke kaɗai kika san abin yi, kika yi shi ba tare da tsayawa ba. Shi ya sa na ce ki tafi da su. Naki ne tun daga ranar.

Ga sauran abin da na sani, na koye shi da tsada.

Gobe ki tashi da sassafe kafin rana ta yi zafi. A adaidaita, ba a babur ba. Kifayen a bokiti mai murfi cikin ruwansu na da. Sauran ruwan akwatin mu juye a jarkoki ki mayar da shi in kin isa. Tsakuwar da ke gindin akwatin kada ki wanke ta, balle da sabulu. Ki ajiye akwatin inda rana ba ta dukansa, ki haɗa 'yar na'urar da ke busa musu iska da batirinta kafin ki kwance kayanki.

Ruwan gidan gwaggonki ya fi namu zartsi. Na gwada wanda ta zo da shi a gora ranar suna, shuɗi ne sosai, ko idona ya gani. Kada ki firgita in kin ga kwalba ta fara karkata can. Ki haɗa kashi biyu na sama da ɗaya na burtsatse, ya kwana a buɗe, ki canza kashi ɗaya cikin goma a mako. In bai sauko ba, ki ƙara ganye ɗaya ki jira wani makon. Kifi yana jure ruwan da bai cika daidai ba in yana zaune wuri ɗaya. Abin da ba ya jurewa shi ne a yi ta jifa da shi. Ki riƙa gwadawa a lokaci ɗaya, da safe, don ruwan safe da na yamma ba sa nuna abu ɗaya.

Kada kanwa ta kusance shi, ko toka, ko ɓawon ƙwai, ko guntun siminti. In kin ga dutse mai kyau kina son sawa, ki ɗiga masa lemon tsami a waje. In ya yi kumfa, ki yar. Kuma lemon nan da tsamiya, iyakarsu waje. Duk abin da zai sauke zartsi a sa'a guda, kashe su zai yi. In damina ta zo kika ce za ki tara da kanki, ki tuna ruwan farko na kwano ne, ba na kifi ba. Na yi wannan kuskuren ma shekarar takaba, don ɗoki, suka yi mako suna gogar jikinsu da saiwa. Allah Ya sa ban yi yawa ba.

A wajen aikinki ban san komai ba, ba zan koya miki ba. Abu biyu kawai. In wanda ba ya iya magana ya yi miki motsi, ki ajiye abin da ke hannunki ki dubi idonsa, ki bi inda yake kallo. Na biyu, ranar da kika yi kuskure, kuma za ki yi, don ke mutum ce, ki faɗa a take, tun hannunki bai bushe ba. Ki faɗa wa na gaba da ke kafin ki fara neman gyara ke kaɗai. Da na fita tsakar gida na yi ihu bayan kanwar, da na aika an kira ki daga Islamiyya, da wataƙila mun tsame su duka. Abin da aka tsare a akwati, ko a gado, ko a zane, ba shi da inda zai gudu. Haƙƙinsa yana wuyan wanda ya tsare shi, kuma za a tambaya.

Gwaggonki tana da haƙƙin ta sani, don da bakinta aka ɓata ki, kuma a gidanta za ki zauna. Ban faɗa mata ba tukuna don ke ya kamata ki fara ji. Ranar Asabar zan kira ta in faɗa mata da bakina. Duk abin da ta ce, na cancanta. In kin ga dama ki nuna mata takardar kafin nan, taki ce.

Ba na cewa ki yafe mini yau. Shekara huɗu na ɗauka kafin in buɗe baki, ba ni da bakin da zan sa ki gaggawa. In kin ji ba kya son jin muryata, kada ki tilasta wa kanki ɗaukar waya. Ba zan kai ƙararki wurin kowa ba, ba kuma zan riƙe ki a zuciya ba. Ki dai yi wa mahaifinki addu'a da sakakkiyar zuciya. Bai taɓa fushi da ke ba, ko na sa'a ɗaya.

Jarkoki biyu masu launin ɗorawa da na sa a soro ruwan sama ne na bana, na tace. Za su kai ki kamar wata biyu. Randuna uku suna nan cike, na rufe su na ɗaure bakinsu, ban ɗebi ko kofi ba kuma ba zan ɗiba ba. In jarkokin sun ƙare kika aiko da su ta hannun mai adaidaita, zan cika in mayar, ba zan tambaye shi komai ba, kuma haka zan yi ta yi muddin ina da rai. In kuma ke kika kawo su da kanki, Gaya ba nisa. Ki yi sallama kawai ki shigo. Ba sai kin ce komai ba.

Allah Ya kiyaye ki a tafiya da zama. Ya sa albarka a hannuwanki, Ya sauki duk macen da za ta zo gabanki lafiya. Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya isar masa cewa na faɗa. Ya yafe mini jinkirin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummanki.